Shekarar da Na Tura Auta Fadama

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa in Baba ya ce ya ga kura ashirin, a je a duba, wataƙila akuyar Maman Jummai ce ta tsinke igiya. Ban musa ba. Shekara talatin da ɗoriya ina ba da hayar kanofi da kujeru a garin nan na Keffi, har sunana na yanka ya ɓace, kowa Baba Kanofi, kuma a sana'ar nan wanda bai iya baki ba da yunwa zai kwana. Amma akwai labari ɗaya da kuke bayarwa ba daidai ba. Kuna cewa shekarar da Auta ta je ƙasar waje, Innarku ce ta ji tsoro, ni kuwa na tsaya kamar namiji. To ku gyara zama. Wannan karon ko gishiri ban ƙara ba.

Auta, wato Rukayya, shekararta goma sha shida lokacin. Tana cikin ƙungiyar nan ta makaranta masu ɗaura ƙyalle a wuya, suna fareti ranar Asabar, suna koyon ƙulla igiya da ɗaure ciwo. Ni sojan da ba bindiga nake ce mata. In ta shigo gida sai in ƙame in sara mata da ludayi. Wata rana ta shigo da takarda tana tsalle kamar ta taka garwashi. Wai an zaɓe su, ita da Jummai 'yar maƙwabciyarmu, za su je wani babban taron matasa na duniya a wata ƙasa can gabas, inda in muna sallar asuba su har sun ci abincin rana sun wanke hannu. Wai yara ne daga ko'ina, baƙi da farare da jajaye, za su kwana a tanti a fili ɗaya kusan mako biyu.

Innarku ko takardar ba ta taɓa ba.

"A tanti? Wa zai dafa mata? A ina za ta kama ruwa? In ta kwanta ciwo wa zai san sunanta?"

"Haba Inna," in ji Auta, "ƙasar da ake ƙera mota ce fa!"

"Motar ce za ta yi miki jinya?"

Ni kuwa kafin la'asar na riga na gama da garin. Na gaya wa 'yan tasha 'yata za ta ci tuwo da shugabannin ƙasa. Na gaya wa mai shayi jirgi guda aka ware mata, ita da direba kawai. Kafin mako ya zagayo, daga Keffi har Mararaba babu kwandastan da bai san Baba Kanofi ya haifi jakadiya ba.

Sai aka kira taron iyaye a makaranta. Kanofin ma ni na kafa, kyauta, don kowa ya san uban wa ke magana. Wata mata ta zo daga Abuja da ɗaurin ɗankwali kamar hasumiya, ta haska mana hotunan wurin a jikin bango. Ga fili shimfiɗe, iyakar ganinka. Ta ce da can teku ne, mutanen nan suka cike shi da ƙasa, mu ga ikon ilimi. Iyaye suka yi ta tafi. Ni kuwa ban tafa ba.

Ku bari in gaya muku yadda muke aiki. Kafin in sauke ko ƙarfe ɗaya daga mota, sai na ɗauki rodi na zagaya fili ina sokawa. In ya shige da sauƙi ya fito da baƙin laka, ko mai biki zai yi birgima ba na kafawa a nan. Ina duba ciyawa, don akwai wata mai tsini da ba ta fitowa sai inda ruwa ke kwana. Ina duba inda ƙasa ta karkata, in san inda ruwan sama zai bi. Ina neman bishiya. Sau ɗaya na ƙi bin wannan, a wani biki a Agwada, sai da maza huɗu suka ciro uwar amarya daga laka ita da kujerarta. To a hoton matar nan, ciyawar nan ce daga farko har ƙarshe. Babu bishiya ko ta tsinken sakace. Babu kwata. A can gefe ƙasa tana ƙyalli, irin ƙyallin da na sani. Fadama ce. Fadama za a kwantar da yaran duniya, a tsakiyar zafi, lokacin ruwa.

Na ɗaga hannu. Wallahi tambayoyi huɗu ne a bakina, a jere. In aka yi ruwa ina zai bi? Ina inuwa? An gama gina ban ɗaki ko hoto ne? Likita nawa ne? Amma da na miƙe na ga idon mutane a kaina, kowa ya riga ya fara murmushi tun ban ce komai ba, sai bakin nan nawa ya yi abin da ya saba.

"Hajiya, don Allah, filin nan yara za a shuka ko shinkafa? In shinkafa ce ina da aboki a Panda, zai ba da iri."

Wuri ya kece da dariya. Har shugaban makaranta sai da ya cire tabarau. Matar ma ta yi dariya ta ce:

"Baba, mutanen da suka ƙera wayar da ke aljihunka ne za ka koya wa kafa tanti?"

Aka ƙara fashewa. Na zauna. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: daɗi na ji. Dariyar nan ta shiga jikina kamar ruwan sanyi, tambayoyin nan huɗu suka koma ciki suka kwanta.

Da aka tashi, Mista Yohana ya biyo ni bayan kanofi. Shi ne malamin da zai raka yaran, mutumin Panda, siriri, ba ya son hayaniya. Ya rage murya.

"Baba Kanofi, maganar filin nan, da gaske kake ko wasa ne?"

Ga ƙofa Allah ya sake buɗe mini. Amma 'yan tasha biyu suna tsaye suna jin mu. In na ce da gaske, to jakadiyar fa? Jirgin fa?

"Haba Mista, ka taɓa jin na yi da gaske?"

Ya yi ajiyar zuciya ya ce to ba wahala. Na sa hannu a fom. Da na koma gida Innarku tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, ka ga wurin. Tsakaninka da Allah, yaya yake?"

"Kamar gidan gwamna. Kowane tanti da na'urar sanyi, sauro ma sai ya nuna faspo kafin ya shiga."

Ta dube ni ta daɗe, ta ci gaba da tankaɗenta. Abin da kawai na iya yi, ranar da ake haɗa kaya na naɗe wani guntun tamfol na cusa a ƙasan jakar Auta. Ta gano shi, ta fitar, ta ce Baba so kake a yi mini dariya a gaban Turawa? Na ce ai gwada ki nake. Na mayar da shi shago.

Bayan sun tafi, kwana biyun farko hotuna suka yi ta zuwa. Ga Auta da wata Baturiya mai jan gashi, ga ta ta ɗaga tuta. Na zagaya da wayar nan har ta yi zafi. A rana ta uku da hantsi Maman Jummai ta faɗo gidan nan ba sallama, zanenta a hannu, ta miƙo mini wayarta.

"Baban Auta, duba. Ka ce mini ba can ba ne."

Can ne. Na gane ciyawar. Tantuna a tsaye cikin ruwa kamar jiragen kwale-kwale. Yara sun jera katako suna kwance a kai, wasu sun rufe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle. Layin ɗiban ruwa ba a ganin ƙarshensa. Ga motar asibiti, ga wata, ga wata, ana ɗauke yara kamar buhunan masara. Mai maganar cikin bidiyon ba ma jin yarensa, amma muryar mutum in tana rawa ba sai an fassara ba. Na ce mata tsohon bidiyo ne, na wata ƙasa ne, 'yan hassada ne suka haɗa. Tana fita na shiga ban ɗaki sau uku.

Daga nan labari ya yi ta zuwa, kowanne ya fi na baya muni. Wai zafin wurin ya wuce misali. Wai ban ɗakin bai isa ba, wanda ke akwai ma ya cika. Wai ƙasashe masu ƙarfi sun turo motoci sun kwashe nasu yaran zuwa otal. Namu fa? A zauren iyaye na waya, matar Abuja ta rubuta cewa komai lafiya, a guji jita-jita. Muka kira Mista Yohana har yatsa ya gaji, ba ta shiga. Rannan na je kafa kanofin suna a Angwan Lambu, na ɗaure igiya ta kwance, na sake ta kwance. Ni, da nake ɗaurin nan ido a rufe.

Da rana ta take na dawo gida na yi wani abu na hauka. Na kafa ƙaramar rumfa a tsakar gida, na sauke tamfol ta kowane gefe har ƙasa, na shiga na zauna. So nake in ji abin da take ji. Ban kai rubu'in awa ba. Numfashi ya fara yi mini gardama, kunnena yana ƙara, gumi ya daina fita, wanda shi ne mafi muni. Na rarrafo waje kamar kaza da aka fito da ita daga ruwan zafi. Innarku tana tsaye bakin madafi tana kallona. Ba ta kawo mini ruwa ba.

"Malam. Tun yaushe ka sani?"

Na sunkuyar da kai ina kakkaɓe ƙasar da ke gwiwata.

"Tun ranar hoton ko?"

Ta juya ta shiga ɗaki. Shekara talatin da aure, ban taɓa jin ta sa sakata da rana ba sai rannan.

Washegari da safe wata baƙuwar lamba ta shigo, doguwa kamar jirgin ƙasa. Na ɗauka. Murya can ƙasa-ƙasa.

"Baba."

To ku saurara, don nan ne wurin. Wani in tsoro ya kama shi bakinsa ke mutuwa. Ni nawa gudu yake yi. Ina jin muryarta, daɗi da tsoro suka haɗu suka kwance mini harshe.

"Auta! Sarauniyar ƙasar waje! Yaya, an ba ki kwaɗo kin ci? Kin iya cin shinkafa da tsinke? Ki ce musu babanki ne mai kanofin Najeriya gaba ɗaya, in suna so gobe in zo da tirela in gyara musu wurin, kuɗin mai kawai za su biya!"

Ta yi wata 'yar dariya, siririya.

"Baba, wayar wata ce na ara, cajin ya kusa..."

"Ki ce mata ta zo Keffi in saya mata sabuwa, har da janareto! Kowa yana nan yana tambayarki, mai shayi ya ce a kawo masa matar can. Lafiya dai ko?"

"Da sauƙi, Baba. Dama ina so in..."

Ƙit. Innarku ta fito da gudu ta fizge wayar, ta yi ta Rukayya, Rukayya, babu kowa. Muka kira lambar, a kashe.

"Me ta ce?"

"Ta ce da sauƙi."

"Da sauƙi? Ka taɓa jin mai lafiya ya ce da sauƙi? Me ke damunta? Ina ke mata ciwo?"

Ban sani ba. Ban tambaya ba. Ban ma bar wuri ba.

Daga wannan kiran sai shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu. Sai ga labari wai wata guguwa ce ta taso daga teku, za a kwashe kowa da kowa daga filin. A ranar ce Jummai ta samu waya ta kira uwarta tana kuka. Wai Auta ta faɗi a layin ruwa tun shekaranjiya, motar asibiti ta tafi da ita, Mista Yohana ya bi su da gudu, su Jummai kuma an loda su a bas an kai su wani gari. Wane asibiti? Ba ta sani ba, rubutun wurin kamar kaza ta taka tawada. Tana numfashi da aka ɗauke ta? Jummai ta ce ita dai ta ga hannunta yana lilo.

Na hau mota sai Abuja, ofishin da suka shirya tafiyar. Na tarar da matar nan, ɗankwalin ya zame ya koma kamar na kowa, wayoyi uku a gabanta duk suna ƙara. Na tsaya na jero mata tambayoyina huɗu, ɗaya bayan ɗaya, babu wasa ko ɗaya a ciki. Ta dube ni, idonta ja.

"Baba, ni ma a hoto na gani. Babu wanda ya je ya taka wurin da ƙafarsa. An ce mana an shirya, muka ce to."

Na so in yi mata ihu. Amma da wane bakin? Ita hoto ta gani ba ta gane ba. Ni na gane.

Da na dawo Keffi na tarar da mutane a ƙofar gida. Labari ya zagaya, kuma kun san garin nan, kafin ya kai kasuwa an riga an ce yara goma ne suka mutu. Ni ne fa na koya musu ƙari. Limamin unguwa ya zo, 'yan cocin su Maman Jummai sun zo, kowa yana magana a hankali, irin maganar da na sani sarai, don ni ake kira in an fara ta. Sai wani bawan Allah ya ce, mutane suna tsaye, a buɗe shago a fito da kujeru mana. Har an ɗauko makulli. Ban san lokacin da na yi tsalle na tare ƙofar ba.

"Wanda ya taɓa kujerar nan sai na karya masa hannu! Ba a jera kujera a ƙofar gidana! Ku zauna a ƙasa!"

Suka zauna a ƙasa, har liman. Kujera dubu nawa na jera a ƙofar gidajen mutane don zaman makoki, ina yi ina ba yara labarin dariya, ban taɓa tunanin yadda mai gida ke ganinsu ta taga ba. Na tsaya jikin ƙofar shagon nan har la'asar, ina roƙon Allah abu ɗaya: in dai sai an jera, a jera tawa.

Ana kiran sallar la'asar wayata ta yi ƙara. Mista Yohana ne, muryarsa ta dushe.

"Baba Kanofi, tana nan. Ta farka. An yi mata ƙarin ruwa, zafin ne ya buge ta. Sai ƙafarta, ta yanke a cikin ruwan nan, ciwon ya rure, amma likita ya ce ba za a yanke ba."

Na zame na zauna. Ya ce kwana uku yana kwance a barandar asibiti, wayarsa ta faɗa ruwa. Sai ya ce:

"Ranar nan a bayan kanofi, da ka ce mini..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban taimake shi ba.

Bayan mako guda na je filin jirgi na ɗauko ta, don Innarku ta ce ƙafarta ba za ta ɗauke ta ba. Auta ta fito da sanda, ta rame har ƙyallen wuyanta ya yi mata yawa. Muka shiga bayan tasi. Muna zuwa Mararaba muka faɗa cunkoso, shirun motar ya dame ni, sai na fara. Wai ina tsarabata, wai an ce sarkin can ya nemi aurenta. Ta dafa hannuna.

"Baba, don Allah ka yi shiru minti biyu. Minti biyu kawai."

Na yi.

"Ranar da na kira ka, tun daren da ya gabata nake amai. Na taka daga wannan ƙarshen filin zuwa wancan kafin na samu mai ara mini waya. Ba gaisuwa na kira ba. Ruwa ne yake ɓuɓɓugowa ta ƙarƙashin tantinmu, kaina yana juyawa, na ce babana ne ya san wannan aikin, zai gaya mini abin da zan yi. Ina ta jira ka ja numfashi in faɗa. Ba ka ja ba."

Na ce mata, Auta, akwai abin da ya fi wannan. Na gaya mata hoton, da ciyawar, da tambayoyi huɗun, da abin da na ce wa Mista Yohana. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta juya tana kallon masu tallar ruwa ta taga.

"Na ga fuskarka ranar, Baba. Ina bayan aji ina leƙe. Na tsorata. Amma da na ji ka yi wasa sai na ce ashe ba komai. Na ce in da gaske ne, babana zai faɗa."

Daga Mararaba har Keffi ban ƙara cewa uffan ba. Direban ya san ni, sau biyu yana juyowa ya duba ko na cika.

Shekarar nan ba ta rubuta jarrabawa ba, sai da ta maimaita aji, ƙawayenta suka wuce ta. Tabon da kuke gani a ƙafarta, wanda take ce muku faɗuwa ta yi a babur, shi ne. Ta rufa mini asiri, ni kuma na gaji da rufuwa. Har yau tana dariya in na yi wasa, amma sai ta fara duban fuskata tukuna, ta tabbatar babu wani abu a bayansa.

Yanzu tana jami'a, takan kira ni ranar Juma'a. In na ɗauka sai in yi sallama in kama bakina da hannu, wallahi da hannu, don har yau yana so ya tsere. In shirun ya yi yawa sai ta ce:

"Baba, kana nan?"

"Ina nan, Auta. Ina jin ki."